Saƙon Matan Yerimaram

Ana gab da kawo goron sa ranar Ramlat da Umar Faruk, sai ga magana ta fito daga gidan su saurayin cewa an ɗan dakata. Ba a ce an fasa ba. Dangin Umar Faruk Kanawa ne 'yan kasuwa, ba su cika furta kalma mai nauyi ba, sai dai su ce an ɗan dakata, kai kuma ka koma gida ka yi ta juya maganar.

Babu wanda bai san dalili ba a unguwar Yerimaram ta Potiskum, har masu keke napep da ke tsayawa a bakin layi. Ramlat 'yar Malam Yaji, malamar firamare, ta tsaya a gaban maza a ƙofar gidan Bulama, mai unguwarsu, ta yi magana da bakinta. Iyakar laifin ke nan. Ba ta zagi kowa ba, ba ta fita ba mayafi ba.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wani fili a ƙarshen layinsu da wani bawan Allah ya bar wa unguwa kafin ya rasu, ya ce a yi abin da zai amfani jama'a a kansa. Manyan maza suka ce shaguna, samari suka ce gidan kallon ƙwallo. Su kuwa mata abu ɗaya ne a ransu, ɗakin haihuwa. Da daminar da ta wuce naƙuda ta kama Mairam matar mai faci, ruwa ya cika layi, keken da ya ɗauko ta ya maƙale a taɓo daidai gaban filin nan. A nan ta haihu, mata suna kare ta da zannuwansu, ɗan kuma bai zo da rai ba.

Tun daga ranar Ramlat ta kasa zama. In ta tashi daga makaranta sai ta bi gida-gida da ƙurar alli a hannunta, har ta tara matan layin a tsakar gidan Mairam, Bolawa da Ngizimawa da Karekare da Fulani, kowace da irin Hausarta, amma bakinsu ɗaya.

To, a al'adar taron unguwa mata ba sa zama cikin maza. Suna taruwa ne a cikin gidan Bulama, bayan katanga, su zaɓi namiji guda su ba shi saƙo, ya fita ya faɗa a madadinsu. Haka aka tarar, Ramlat kuma ba ta ja da hakan ba. Da tsofaffi suka tambayi wa za a aika, ita ce ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ambaci Umar Faruk. Matan suka yi ta tsokanarta, wai tun ba a ɗaura ba ta fara aiken miji.

Me zai hana ta amince da shi? Shi ne fa mai zama a ƙofar gidansu yana sauraronta har a kira magariba, yana ce mata duk Potiskum babu mai kai irin nata. Shi ne ya ce ranar da Mairam ta yi rashi bai iya cin abinci ba.

Aka kira shi bakin zaure. Mairam ce ta ba shi saƙon da kanta, muryarta a dishe. Ta ce ya faɗa musu ɗanta ya mutu a cikin keke a gaban filin nan, mata ba su yarda da shaguna ba, ɗakin haihuwa suke so. Magana ce da ko yaron goye zai iya riƙewa. Umar Faruk ya dafa ƙirji ya ce in sha Allah.

Da ya fita, sai ya yi ido biyu da baffansa, Alhaji Auwalu, zaune a kan kujerar roba a sahun gaba. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, shi ya ɗora shi a kan shagon hatsi, shi ne kuma kan gaba wajen son a gina shagunan. Ramlat ba ta ga wannan kallon ba. Abin da ta ji ta bayan katanga shi ne muryar masoyinta, a tausashe kamar mai roƙon bashi.

"Iyayenmu mata suna gaisuwa, suna kuma godiya ga manya. Sun ce duk abin da aka yanke sun amince. In da hali nan gaba, a ɗan duba musu batun wurin shan magani."

Maza suka ce madalla, Allah ya yi wa mata albarka. A cikin gida kuwa, Mairam ta ja gefen zaninta ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

Ramlat ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Wata tsohuwa ta riƙo mata hijabi, ta zare a hankali. Ta ratsa zauren ta fito fili, ta durƙusa ta gaida Bulama yadda ya kamata, sannan ta tashi ta ce ba saƙon da aka bayar ke nan ba. Ta maimaita maganar Mairam kalma bayan kalma, ba ta ƙara ko gishiri ba. Mahaifinta yana cikin taron a kan tabarma, ya kafa ido a ƙasa bai ɗago ba.

Bulama ya yi gyaran murya ya ce a ɗage maganar fili zuwa wani zama. Kafin la'asar wani ɗan bani-na-iya ya watsa bidiyonta a waya, da rubutu a ƙasa wai budurwa ta yi wa dattawa tsawa a Potiskum. Masu sharhi suka yi caa. Wani ya ce boko ne ya lalata ta, wani ya ce turo ta aka yi daga waje. Duk cikinsu babu wanda ya tambayi sunan matar da ɗanta ya mutu.

Sai da aka kwana biyu sannan Umar Faruk ya zo. Ramlat ta fito ta same shi a jingine da mashin ɗinsa a inuwar darbejiyar ƙofar gida, ya rame, idonsa ya faɗa. Haushin da ta tara ya so ya narke da ganinsa, hakan kuma ya ƙara ba ta haushin kanta.

Ya fara da rantsuwa cewa don ita ya yi. Ya ce da ya faɗi saƙon yadda yake, Baffa zai gane daga bakin wa ya fito, shi kuma so yake a sa rana lafiya, in aka ɗaura aure sai a bi maganar fili a hankali. Ya ce ya kwana biyu yana durƙuso a gaban Baffa, har ya samu ya sauko. Za a kawo goro ranar Asabar, amma da sharaɗi: ta janye daga taron mata, ta cire bakinta daga maganar fili, kada a sake jin muryarta a bainar jama'a.

"Ramla, ba hana ki ra'ayi aka yi ba," ya ce yana murza makullin mashin. "In mun yi aure, duk abin da ke ranki ki faɗa mini a ɗaki, ni zan kai miki shi duk inda kike so."

Ta dube shi, hawaye suka zubo mata ba shiri.

"Yaya Faruk, ai na gwada bakinka."

Ya sunkuyar da kai.

"A gaban mata na zaɓe ka," ta ci gaba. "Ina taƙama da kai. Mairam ta ɗauki mutuwar ɗanta ta damƙa maka, ka fita ka mayar da ita gaisuwa. Da ka ce ba za ka iya ba, wallahi da na fahimce ka. Amma ka ce mun amince. Yaushe muka amince?"

"Baffa ne ya raine ni, Ramla. Ki sa kanki a matsayina."

"Na sa. Kai ka taɓa sa kanka a bayan katangar nan, kana jin ana faɗin abin da ba ka ce ba da sunanka?"

Ya ce yana son ta, ya ce in ya rasa ta bai san yadda zai yi da ransa ba, ya faɗa har muryarsa ta karye. Abin takaicin shi ne gaskiya yake faɗa, ta kuma sani. Da maƙaryaci ne da abin ya zo mata da sauƙi. Ta juya ta shige gida tana goge fuska da hijabi, shi kuma ya daɗe a tsaye kafin ya tayar da mashin.

Labarin an dakata bai kwana ba sai da ya kai kunnen Honorabul Hussaini, tsohon kansila mai neman komawa kujera, wanda ya daɗe yana aiko wa Ramlat gaisuwa tana yi kamar ba ta ji ba. Ya zo da mota mai hotonsa manne a gilashi, turarensa ya riga shi shiga zaure.

Ya ce shi ba irin mutanen da ba ne, shi mace mai baki yake nema. In ta aure shi, ranar da aka kafa kwamitin yaƙin zaɓe ita ce shugabar mata, lasifika a hannunta, motar haya cike da mata a bayanta. Ramlat ta san aikin shugabar mata a wajen irinsu: rabon atamfa da sabulu, jera mata a rana, da rangaɗa guɗa in mai gida ya ɗaga hannu. Duk da haka ta tambaye shi, in an ba ta lasifikar me za ta ce.

Ya yi dariya ya ce kada wannan ya dame ta, akwai yaran da ke tsara jawabi. Da ta kawo maganar ɗakin haihuwa, ya ce ai wannan sai bayan zaɓe, yanzu bai kamata a ɓata wa masu son shaguna rai ba. Ta yi masa godiya, ta ce ruwan da aka kawo masa yana hucewa. Ko da ya tafi ya bar leda cike da kaya, ta sa aka bi shi da ita har mota.

Innarta, Yelwa, ta zauna a bakin murhu ta yi tagumi. Ta ce Honorabul an kore shi, Umar Faruk ana neman a rasa shi, ita wace irin 'ya Allah ya ba ta. Ba mugunta ce ke sa ta faɗa ba, tsoro ne. Ta ga yadda gari ke yi wa yarinyar da aka fasa aurenta, a gidan biki a yi ta nuna ta da baki, a gidan suna a yi shiru in ta shigo.

Wanda bai ce uffan ba shi ne Malam Yaji. Manomi ne mai gudun fitina, irin mutanen da in akuyar maƙwabci ta ci musu shuka su ne za su je ba da haƙuri. Tun ranar taron bai yi wa Ramlat faɗa ba, bai kuma yaba mata ba. In ta gaishe shi ya amsa, ya ɗauki fartanya ya fita. Wannan shirun ya fi faɗan Inna ci mata rai.

Ana jibi za a kawo goro, Mairam ta shigo da ɗan kwanon ƙuli-ƙuli. Ta zauna a bakin gadon Ramlat ta kama hannunta, ta ce ta ji sharaɗin da aka kafa. Ta ce ɗanta dai ya tafi, fili ba zai dawo da shi ba, kada Ramlat ta rasa mijin da take so saboda su. Ta ce mata sun gode, ta yi iyakar yinta.

Ramlat ta dubi cikin Mairam da ya fara tasowa a ƙarƙashin zani. Wata daminar na tafe, layin kuma yana nan yadda yake. Ta rungume ta suka yi kuka tare.

Ranar Asabar da hantsi motar Alhaji Auwalu ta tsaya a ƙofar gida. Aka shigo da huhun goro da katan ɗin alewa zaure, dattawan ɓangare biyu suka zauna a kan tabarmi. Umar Faruk bai shiga ba, don saurayi ba ya zama a irin wannan wuri, amma ƙawar Ramlat ta leƙo ta ce ta gan shi a cikin mota ya kifa kai a sitiyari.

Ɗakin Inna yana jingine da zauren, akwai 'yar taga a sama da ba ta rufuwa. Ta nan Ramlat ta ji Alhaji Auwalu yana jero sharaɗinsa cikin lafazi mai daɗi, wai su gidansu ba a san mata da hayaniya ba, yarinya kuma yarinya ce, ta yi kuskure an yafe. An yafe! Ramlat ta ciji leɓe har sai da ta ji ɗanɗanon jini.

Saura abu guda. Kafin a karɓi goro, uba kan shiga ya tambayi 'yarsa ko ta yarda. Kowa ya san yadda ake yi: yarinya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai, ta yi shiru. Shirun nan shi ake ɗauka a matsayin amincewa, uba ya koma ya ce alhamdu lillahi, a fasa goro.

Inna ta durƙusa a gabanta ta riƙe mata gwiwoyi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ramlatu, ba a ce ki faɗi komai ba. Ba a ce ki yi ƙarya ba. Shiru kawai za ki yi, kamar yadda na yi, kamar yadda uwata ta yi. Ki yi mini wannan."

Ramlat ta dubi Inna. Abu ne mai sauƙi ƙwarai. Ta rufe baki na ɗan lokaci, ta samu Umar Faruk, da ɗakin da suka riga suka zaɓi launin labulensa, da 'ya'yan da suka raɗa wa suna tun ba a haife su ba. Ba wanda zai ce ta yi laifi, har Mairam ta yafe mata.

Malam Yaji ya yi sallama ya shigo, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon bango. Ya ce ta ji baƙi, ta kuma ji abin da suka zo da shi. Ya tambaye ta ko ta yarda.

Ɗakin ya yi shiru. Inna ta fara sakin ajiyar zuciya. Malam Yaji ya ɗan jira, ya gyaɗa kai, ya juya zai fita.

"Baba."

Ya tsaya.

Ta janye mayafin daga fuskarta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ina son Umar Faruk. Ban taɓa son wani ba, ban kuma jin zan so. Amma ban yarda da sharaɗin ba. In za su karɓe ni da bakina, ga ni. In sai na ajiye shi a ƙofar gida, su yi haƙuri."

Inna ta ɗora hannu a ka ta zame ta zauna a ƙasa. Malam Yaji ya juyo, karo na farko tun ranar taron ya dubi 'yarsa cikin ido. Ba ta iya karanta abin da ke fuskarsa ba.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Ka faɗa musu yadda na faɗa."

Ya sa takalmansa ya fita.

Ramlat ta rarrafa ta jingina da bangon da ke ƙarƙashin tagar. Ga ta dai a bayan katanga kuma, saƙonta a bakin namiji, namijin ma wanda duk unguwa ta san ba ya iya ce wa mutum a'a. Ta ji ya zauna, ta ji ya yi gyaran murya.

"Yarinya tana gaishe ku," in ji Malam Yaji. "Tana godiya da wannan tattaki..."

Ta runtse ido. Ta san wannan hanyar, ta san inda take ɓullewa.

Sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har wani ya ce, "Muna jin ka, Malam."

"A'a," ya ce a hankali. "Wannan gaisuwar tawa ce, ba ta aiko ni da ita ba. Ga abin da ta ce."

Ya faɗa. Da Hausarsa mai karin Bolanci, da muryarsa da ba ta saba tashi ba, ya ce tana son Umar Faruk, ba ta taɓa son wani ba. Ya ce ba ta yarda da sharaɗin ba. Har maganar ajiye baki a ƙofar gida bai tsallake ba.

Zauren ya ɗauki salati ƙasa-ƙasa. Alhaji Auwalu ya bari aka lafa, sannan ya yi magana, muryarsa a sanyaye.

"Malam Yaji, kai ne uba. Wannan maganarka ce ko ta yarinya?"

"Tata ce, Alhaji. Haka ta ba ni, haka na kawo. Ranar nan ina zaune aka sauya saƙon mata, na sani, na yi shiru, sai da 'yata ta fito ta gyara. Ba zan sauya nata ba."

Ramlat ta ji ƙarar tabarma, ta ji ana neman takalma, ta ji wani ya ce a ɗauko goron. Aka buɗe bayan mota aka rufe. Ta kasa kunne ko za ta ji muryar Umar Faruk, ko kalma ɗaya, ko da sunanta ne. Injin ya tashi, motar ta daɗe tana ruri a ƙofar gida ba ta motsa ba, kamar mai tuƙin ya manta yadda ake sa giya. Daga baya ta ja a hankali.

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata, mai sauti, irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya. Malam Yaji ya shigo tsakar gida ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, hularsa a hannu.

"Na faɗa daidai?" ya tambaya.

Ta gyaɗa masa kai, tana kuka.